Kwali Hawa-Hawa: Hanyar Siffanta Kwarin Gulbin Rima a Kan Tebur

Ambaliyar ruwan da ta auku a watan Satumba na 2010 ta zauna a zukatan mutanen gabashin Jihar Sakkwato. A 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse, ya shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasar Goronyo da ta Wurno. Tambayar da manomin fadama ke yi tun daga lokacin ita ce: in ruwa ya tashi, ina zai fara bi? Amsar tana cikin taswira, amma mutane kaɗan ne ke iya karanta layukan da ke nuna tudu da kwari. Wata sana'ar hannu, watau gina siffa da kwali hawa-hawa, tana iya fito da amsar a fili.

Yadda Ake Ginin

Asalin dabarar mai sauƙi ne. Ana ɗaukar abu mai tudu da kwari a yanka siffarsa falle-falle, kamar yadda ake yanka albasa, sa'an nan a yanko kowane falle a jikin kwali, a jera su bisa juna da gam. Masu fasaha suna gina kan mutum ko dabba ta wannan hanya. Injiniyoyi da malaman labarin ƙasa kuwa suna gina tsaunuka da kwaruruka, domin kowane layin tsayi na taswira shi ne iyakar falle guda.

A da, da reza da takardar kabon ake yin aikin, yakan kuma ci makonni. Yanzu akwai na'urar yanka da hasken leza. Theodore Maiman ne ya fara ƙera leza a Amurka a 1960, sa'an nan Kumar Patel ya fito da mai aiki da iskar kabon a 1964, irin wadda aka fi yanka kwali da ita. Madubai ne ke kai hasken ga wani gilashi da ke tattara shi wuri guda, sai ya ƙone siririn layi yana bin zanen da kwamfuta ta ba shi. Na'urar takan kuma zana lamba da gurbin fallen da ke biye a jikin kowane yanki, don kada mai haɗawa ya rikice.

Misali da Madatsar Goronyo

An kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Tsawonta kilomita 12.5 ne, tsayinta mita 21, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na murabba'i mai zurfi. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 ke wakiltar kilomita guda, saboda haka madatsar za ta zama santimita 25 a kan tebur. In aka ce kowane falle ya tsaya a madadin mita 10, falle biyu sun kusa kai tsayinta.

A nan sai an yi hattara. Bisa wannan ma'auni, mita 10 bai wuce milimita 0.2 ba, alhali kaurin kwali yakan kai milimita 4. Ke nan tudu ya ninka hakikaninsa sau 20. Wannan ƙari yana da amfani a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Rima, amma wajibi ne a rubuta shi a gefen siffar, don kada ɗalibi ya zaci tudun Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, tsauni ne. Bayanan tsayin ƙasa kuwa ana samunsu kyauta daga awon da jirgin sama jannati na Amurka, Endeavour, ya yi a shekarar 2000. Awon yakan yi kuskuren 'yan mitoci, don haka siffar ta koyarwa ce, ba ta maye gurbin aikin safiyo ba.

Haɗari da Tanadi

Kwali abin cin wuta ne, saboda haka ba a barin na'urar tana aiki ba mai tsaro. Ana bukatar bututun fitar da hayaƙi da wutar lantarki tsayayya. Ba a kuma saka robar PVC, domin tana fitar da iska mai guba. Bayan an gama, gara da damshin damina su ne abokan gaba, sai a shafa fenti a ajiye a bisa.

Makarantar da ba ta da na'ura ba ta rasa hanya ba. Kwalayen sabulu da na taliya suna nan a kasuwannin Rabah da Wurno da Goronyo, reza da gam kuma ba su da tsada. Ɗaliban da suka yanka fadamarsu da hannunsu za su gane dalilin da ya sa shinkafa ke ƙasa, gero ke tudu. Jami'in gona ko na ƙaramar hukuma kuwa, in ya ɗora irin wannan siffa gaban hakimi da manoma, kowa zai iya sa yatsa ya nuna garinsu, ya kuma ga hanyar da ruwa zai bi kafin ya iso.