Rumfar Leda da Aikin Lambu a Ƙarshen Hunturun Ingila

Manomin ƙasar Hausa ruwan sama yake jira kafin ya yi shuka. Shi kuwa mai lambun gida a Ingila, ɗumi yake jira. A watan Maris hunturu yakan fara ja da baya, yini yana ƙara tsawo har ya yi daidai da dare wajen ranar 20 ga wata, amma ƙasa tana nan da sanyinta. Iri kuwa ba ya tsira sai ƙasa ta yi ɗumi, domin sinadaran da ke narkar da abincin da ke cikin ƙwaya ba su aiki sosai cikin sanyi. Karas da latas sukan tsira idan zafin ƙasa ya kai kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, tumatir da barkono kuwa sai ya kai wajen digiri 20.

Wannan ne ya sa masu lambu ke kafa rumfar leda, wato doguwar rumfa ta ƙarafa masu lanƙwasa da aka lulluɓe da leda mai barin haske ya wuce. Irin wannan leda an gano ta ne a shekarar 1933 a kamfanin ICI da ke Ingila. Hasken rana yakan ratsa ledar ya ɗumama ƙasa, ƙasar ta ɗumama iskar da ke kanta, ledar kuma ta hana iskar tashi sama ta gauraya da mai sanyi. Tun a 1909 wani masanin kimiyya na Amurka, Robert Wood, ya yi gwajin da ya nuna cewa tsare iska shi ne babban abin da ke ɗumama irin wannan ɗaki.

Aikin farko shi ne wanke ledar, domin gansakuka da ƙurar hunturu suna rage haske. Daga nan sai a cire ciyayi, a zuba takin gargajiya, a yafa irin tumatir da barkono a ƙananan tukwane, a ajiye su wuri mai ɗumi. Irin dankalin Turawa kuma akan jera shi a kwalin ƙwai, a wuri mai haske da sanyi, har mako huɗu zuwa shida, ya fid da gajerun tsiro masu ƙarfi kafin a binne shi.

Sai dai rumfar tana da haɗari iri biyu. Da dare zafi yakan zurare ta jikin ledar, har raɓa ta daskare a ciki. Idan ruwan da ke jikin tsiro ya zama ƙanƙara, ƙwayoyin halittarsa sukan lalace, ganye ya yi baƙi kafin gari ya waye. Don haka akan rufe tsirrai da mayafi mara nauyi. Da rana kuma dole a buɗe ƙofofi, domin laima idan ta taru tana jawo furfura mai ruɓar da tsiro.

A sassa da dama na Ingila irin wannan sanyi yakan kai tsakiyar watan Mayu. Saboda haka ba a dasa tumatir a fili sai an shafe mako ɗaya ko biyu ana fitar da shi da rana ana mayar da shi da dare, har ya saba. Wanda ya yi gaggawa, dare ɗaya ya isa ya cinye masa wahalar wata biyu.