Ɗigo Uku a Gidan Kyamara

Ɗigo uku ne kacal, amma sun hana ni cin abincin rana. Fitowarmu ke nan daga Umbria, jirgin Italiya da mutanensa suka nutsar da gangan kusa da Port Sudan a 1940, na ɗaga gidan kyamarata mai hana ruwa shiga na ga ruwa kwance daga ciki. Kyamarar ba ta jiƙe ba, amma wanda ya san aikin gishiri a jikin waya da batir ba ya raina ɗigo.

Dattijon da ke jagorantar nutsonmu, Bahaushe ne haifaffen garin, ya buɗe murfin, ya dangwali ruwan ya kai baki.

"Gishiri ne, ɗana. Da gumi ne da ka ji salam."

Gumin da yake nufi shi ne na iskar ɗumi da aka rufe a ciki, wadda ke zama raɓa idan ta haɗu da sanyin ruwa. Ba shi ba ne. Bahar Maliya ce da kanta ta shigo.

Sai muka koma kan zoben robar da ke zagaye murfin. Ya zare shi daga gurbinsa, ya rufe ido yana murza shi tsakanin yatsu, don yatsa kan ji tsagar da ido bai gani ba. Babu tsaga, babu yashi, ko silin gashi babu, alhali gashi ɗaya ya isa ya yi wa ruwa hanya. Na ce ko giris ne ya yi kaɗan. Ya yi dariya: giris ba ya toshe komai, santsi kawai yake ba zoben, idan ya yi yawa ma yashi yake kwasowa.

Da la'asar muka cire kyamarar, muka cusa tishu a gidan, muka sauka da shi mita 30, inda matsi ya ninka na saman ruwa sau huɗu. Muka fito, tishu a bushe ƙayau. Washegari na mayar da kyamarar, ɗigo ya dawo. Haushi ya kama ni, har na fara zargin masu ƙera gidan a raina.

"Me kake sakawa ciki ban da kyamarar?"

"Ba komai, Baba."

"To haɗa in gani."

Na zaunar da kyamarar, na goge gilashin, na ɗauko ɗan ƙunshin silika mai shanye danshi na tura shi gefe kamar kullum, na janyo murfi. Ya riƙe hannuna. Ya haska tocila a bakin murfin: ga kusurwar takardar ƙunshin, ba ta kai faɗin farce ba, ta kwanta a kan zoben. Da na buɗe sai ta zame ta faɗa ciki, shi ya sa ba mu taɓa kama ta ba. Ranar gwajin tishu kuwa ban saka ƙunshin ba sam.

Ya ce irin wannan yoyon ya fi yi a mitocin farko, kafin matsin ruwa ya danne zoben sosai, don haka in riƙa tsoma gidan a bahon ruwan daɗi ina duban kumfa kafin in faɗa teku. Ya tura ƙunshin ƙarƙashin kyamarar, ya rufe, ya miƙo mini. Da yamma muka sauka Sha'ab Rumi, inda Cousteau ya gina ƙauyensa na ƙarƙashin teku a 1963. Na fi kallon gindin gidan kyamarar fiye da kifayen, kuma a bushe ya fito.