Maijego, Ki Lura da Ƙafarki

Hutu yana da kyau, amma kwanciya wuni guda ba motsi tana da haɗari. Bayan haihuwa jini yakan yi saurin daskarewa, musamman a makonni 6 na farko, wato kafin arba'in. In aiki aka yi miki, haɗarin ya fi yawa.

Gudan jini yakan toshe jijiya cikin ƙafa. Sai ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo a bayan ƙwauri ko a cinya. In gudan ya ɓalle, jini zai kai shi huhu. Nan take numfashi ya yi wuya, ƙirji ya kama ciwo, wani lokaci har da tarin jini. Wannan yana kisa.

Saboda haka ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida. Ko kina kwance, ki riƙa motsa ƙafafu. Ki sha ruwa sosai.

In kin ga alamun nan, kada a yi tausa, kada wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. A kawo ki asibiti ba tare da an kwana ba. Akwai maganin da ke hana gudan girma.