Igiyar Ruwan Legas, Ana Sanin Zuwanta Tun Tana Hanya

Tsakanin Nyanya da bakin teku a Legas akwai fiye da kilomita 500, don haka mai jiran mota a kan titin Abuja zuwa Keffi zai iya cewa babu ruwansa da igiyar ruwa. Amma iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ita ce ke kawo masa damina, kuma hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, mai hasashen yanayin sama da na teku, a filin jirgin saman Abuja hedikwatarta take.

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa. Girman igiyar ya danganta da ƙarfin iskar, da daɗewarta tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta bi ta kansa. Sai dai manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas ba a nan aka haife su ba. Can kudancin Atlantika, kimanin kilomita 5,000 daga gaɓarmu, guguwa ke tayar da su, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da ake sanyi a can. Kamar dutsen da aka jefa a kududdufi, ya nutse amma da'irar ruwa tana ta tafiya, haka guguwar za ta mutu, igiyarta kuwa tana kan hanya.

A nan ne lissafi ya shigo, kuma shi ya fi burge ni. Masana na ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin igiya da mai bi mata. Idan shida ne ko bakwai, iskar kusa ce ta tayar da ita, a hargitse take, ba ta da nauyi. Idan ta kai 15, daga nesa take, tana cin kusan kilomita 1,000 a kwana guda. Wato daga ranar da tauraron ɗan'adam ya hango guguwar, akwai wajen kwana biyar kafin ta iso. Shi ya sa gari kan waye lafiya lau, ba iska ba hadari, amma teku ya haukace. A Agustan 2012 ruwa ya yi tsalle a gaɓar Kuramo da ke Legas, ya tafi da mutane da rumfunansu.

Yaƙi ne ya haifi wannan ilimi. Harald Sverdrup da Walter Munk suka tsara hanyar hasashen a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi amfani da ita wajen sauke sojoji a Normandi ta Faransa a 1944. Yau kwamfuta ke yin aikin, tana haɗa bayanan taurarin ɗan'adam da na na'urorin da ke shawagi a kan ruwa.

Matasan da ke hawa igiya da allo a Tarkwa Bay da ke Legas sun san daɗin wannan hasashe. Ba tsayin igiya kaɗai suke dubawa ba, har da inda iska ta dosa. Wadda ta fito daga tudu, irin ta sassafe ko ta hunturu, tana gyara wa igiya fuska, wadda ta fito daga teku kuwa rusa ta take yi.

Damuwata ita ce waɗanda ruwa ne abincinsu. Ƙa'idar iska da igiya da ke aiki a Atlantika ita ce ke aiki a tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya wuce kilomita 100. Guguwar farkon damina na tayar da igiyar da za ta kifar da kwale-kwale cike da 'yan kasuwa. Sarkawan Yawuri da matuƙan jiragen Wara sun iya karanta sama, gadonsu ne, amma ido ba ya hango abin da ke bayan dutse.

Ya kamata NiMet da gidajen rediyonmu su riƙa karanta ƙarfin iska da halin ruwa kowace safiya, da Hausa, kafin jirgin farko ya bar gaɓa.