Mayar da Gidan Haya Mallakar Kamfani a Gubaira

Gubaira tsohuwar unguwa ce a kudancin birnin Riyad, kusa da Manfuha, inda Hausawa suka daɗe da zama. Wasunsu 'yan ƙasar Saudiyya ne masu gidajen haya. Irin wannan mai gida yana iya kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki, ya mayar da gidan mallakar kamfanin, shi kuma ya riƙe hannun jari.

Ma'anar iyakantaccen alhaki ita ce, idan bashi ya hau kamfani, daga dukiyar kamfanin ake biya. Ba a taɓa motar mai shi ko gidan da yake kwana. Amma fa banki yakan nemi mutum ya tsaya wa bashin kamfaninsa da kansa, kuma da zarar ya sa hannu, wannan kariya ta faɗi. Wajen gado amfanin ya fi fitowa fili: magada goma ba za su iya yanka bene guda ba, amma suna iya raba hannun jari bisa shari'a, haya kuma ta ci gaba da shigowa.

Ana yin rajistar kamfani a Ma'aikatar Ciniki. Dokar kamfanoni ta 2015 ta yarda mutum ɗaya ya kafa shi, wadda ta fara aiki a 2023 ma haka. Sai a ƙiyasta darajar gidan, a sauya suna a takardar mallaka, wato sakk. Idan gidan yana jingina, dole banki ya amince tukuna.

Inda ake bukatar hattara shi ne haraji. Tun watan Oktoba na 2020 ana karɓar kashi 5 cikin 100 idan gida ya sauya hannu, wato riyal 50,000 a kan gidan miliyan 1. Ana yafe wa wanda ya sa gidansa a matsayin jarin kamfani, da sharaɗin kada ya sayar da hannun jarin sai bayan shekara 5. Wanda ya yi gaggawa, harajin zai biyo shi. Ban da wannan, kamfani yana shirya lissafin shekara, ya biya zakka ga hukuma. Ga mai ƙaramin gida ɗaya, ladan akawu kan cinye ribar.

Yarjejeniyar 'yan haya kuwa, ana sauya ta zuwa sunan kamfani a dandalin Ejar. Wannan ba ya ba da damar ƙarin kuɗi, domin a watan Satumba na 2025 gwamnati ta hana ƙara kuɗin haya a Riyad har shekara 5.