Ko Kun Sani?

Akasarin ruwan da ke shayar da gero da dawa a Tambuwal da Kebbe, iska ce ke ɗauko danshinsa daga Tekun Atlantika. Shi ya sa ɗumin saman tekun ke da hannu a yadda damina za ta kaya. Tun 1981 taurarin ɗan'adam na hukumar NOAA ta Amurka ke auna wannan ɗumi da na'urar da ke jin zafin da ruwa ke fitarwa. Saman ruwan kawai take gani, abin da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma gajimare kan tare ta.  Ɗumin tekuna na cikin abin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke dubawa kafin ta fitar da hasashen damina.