Mun Koma Yafa, Mun Taka Ta Da Ƙafa

A zuwanmu na farko Ƙasa Mai Tsarki, ko awa guda ba mu yi a Yafa ba. Mota ta tsaya, aka nuna mana Majami'ar Bitrus, muka ɗauki hoto, direba ya danna oda. Da Ubangiji ya sake buɗe mana hanya, sai muka roƙi yini guda, muka shiga garin da ƙafa kamar 'yan gari.

Yafa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin Bahar Rum, an haɗe ta da Tel Aviv a 1950. Ta nan aka shigo da katakon al'ul na Haikalin Sulemanu, nan kuma Yunusa ya hau jirgi yana gudun aiken Allah. Mun fara daga hasumiyar agogo ta zamanin Turkawa, muka ratsa kasuwar gwanjo, inda ciniki ya tuna mana da kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Muna cin gurasa aka kira salla a Masallacin Mahmudiyya, ga majami'a can kan tudu. Yahudawa da Larabawa, Musulmi da Kirista, duk a gari ɗaya suke neman abinci, ko da yake zaman nasu ba ya rasa tsami.

Wani ƙaramin lungu ya kai mu gidan da ake cewa na Saminu majemi ne. Ƙofar a rufe take, domin gidan mutane ne. Muka tsaya a waje muka karanta Ayyukan Manzanni sura 10. Duk wanda ya taɓa wuce majema a ƙasar Daura ya san warin ɗanyar fata da ruwan bagaruwa. A irin wannan gida manzo Bitrus ya sauka kwana da kwanaki. A kan soron nan ne Allah ya nuna masa cewa kada ya ƙyamaci kowane mutum. Kashegari ya kama hanyar Kaisariya zuwa gidan Karniliyas, sojan Roma, wanda a da ba zai ko taka ƙofarsa ba.

'Yan'uwa, a Mai'adua mu 'yan kaɗan ne. Da yawa cikinmu daga gida sai aiki sai majami'a, kamar baƙin da ba su sauka daga mota ba. Maƙwabci ya yi suna ba mu je barka ba, aka yi rasuwa ba mu je gaisuwa ba, sa'an nan mu ce ba a san da mu ba. Yara kuwa abin da suka gani a wurinmu shi suke ɗauka.

Bari wannan mako kowane gida ya shiga gidan maƙwabci guda, ya gaishe shi, ya sha ruwansa. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.